Suɗaɗɗun Tayoyi a Motar Autana

Manajan kamfanin inshora, kai ka sa aka ɗaure min ɗa da ankwa a gadon asibiti. Ba a bayan idonka nake faɗa ba. Na faɗa a ofishinka, na faɗa a gaban 'yan sanda, yanzu kuma na sa an rubuta yadda ya fito daga bakina. Ka sa hannu a takardar da ta mai da ɗana mai kisan kai, alhali ba ka taɓa ganin motar ba, ba ka taɓa ganin yaron ba.

Ga yadda aka yi, don kada wani ya ce tsufa ne ke damuna.

Auta direban tasi ne. Shi ne ƙaramin 'ya'yana, shi ke riƙe da ni da matarsa da yara biyu. Wata Talata da hantsi, ruwa ya ɗauke ke nan, wata tifa ta faɗo shataletale ba ta ko rage gudu ba. Auta ya kauce mata. Mota ta ƙwace masa, ta hau dakalin titi, ta buge wani bawan Allah da ke tsaye yana jiran mota, ta je ta daki turken lantarki. Mutumin ya cika kafin a kai shi asibiti. Auta ya karye a cinya. Tifa ta yi gaba abinta.

Filin ofishin 'yan sanda ya cika da matattun motoci, sai janwe ta ja tasin zuwa garejin da kamfanin inshora ke hulɗa da shi. Hankalina bai tashi a kan motar ba, don ni na tsaya a kan Auta sai da ya yi mata cikakkiyar inshora.

Kwana takwas bayan haka takarda ta zo. Matar Auta ta karanta min. Wai kamfani ba zai biya komai ba, domin tayoyin motar huɗu duk sun suɗe, kuma su suka jawo hatsarin. An aika wa 'yan sanda kwafi. Kafin la'asar an sa wa Auta ankwa, an ce da ya miƙe sai kotu, laifin tuƙin ganganci da ya jawo rasa rai.

Washegari na isa ofishin 'yan sanda ba a gama shara ba.

Wani Saje mai tumbi da ke kan kanta ya ce Sufeto na da aiki. Na ce ni ma aikin ne ya kawo ni. Na cire takalmana, na zauna a bakin ƙofar Sufeton na miƙe ƙafa.

Ba a jima ba ƙofa ta buɗe. Dogon mutum ne siriri, furfura ta fara cin gefen kansa, yana taunar murfin biro.

"Iya, kin tare min hanya."

"Ku ma kun tare wa ɗana tasa."

Ya dube ni, ya dubi Saje, ya ce in shigo. Ya jawo fayil ya buɗe.

"Takardu biyu ne a nan, Iya. Mai kiyasin ɓarna na kamfani ya duba motar. Jami'in duba lafiyar motoci ma ya duba. Bakinsu ɗaya."

"Yaushe suka duba?"

Ya juya takarda. "Mai kiyasi ranar Laraba. Jami'in ranar Juma'a."

"Ranar Talata fa, a kan titi, wa ya duba?"

Ya cire murfin biron daga bakinsa. Ya ce 'yan sandan hanya sun auna titi, sun yi zane, sun ɗauki hoto daga nesa, hankalinsu na kan gawa da wanda ya ji rauni. Ba wanda ya sunkuya ya dubi taya.

"To ni na duba," na ce. "Kwanan tayoyin nan goma sha tara a ƙafar motar. Ni na hana shi sakat sai da ya saya. Ina zaune a benci aka ɗaura su, sababbi fil, da ɗan gashin roban nan a jikinsu. Har na tsinki ɗaya da farce."

"Rasit fa?"

"Yana aljihun gaban mota, tare da takardun inshorar."

"Kin iya karatu, Iya?"

"Ban iya ba. Sai an yi boko ake gane sabuwar taya?"

Bai yi dariya ba. Ya ce ko da mai shagon ya shaida ya sayar, kamfani zai ce an saya an sayar, saye daban ɗaurawa daban. Amma ya miƙe ya ɗauki hularsa.

Kafin su fito na riga su shiga bayan motarsu na zauna.

"Iya, motar hukuma ce fa," in ji Saje.

"Ni ma ta hukuma ce. Ja mu tafi."

"In kika ci gaba da wannan faɗan zan fasa aurenki."

"Fara rage tumbin tukuna, sai mu yi magana."

Asibiti muka fara zuwa. Auta na kwance an rataye ƙafarsa da igiya, hannunsa na dama a ɗaure da ƙarfen gado. Da ya gan ni da 'yan sanda sai ya juya fuskarsa bango. Wannan juyawar ita ta fi cin raina.

Sufeto ya jawo kujera. "Direba, ba ni labarin daga lokacin da ka ga tifar."

"Ranka ya daɗe, ta shigo min daga dama. Na taka birki na karya sitiyari. Titi da santsi. Sai na ji mun hau dakali."

"Me ka fara ji?"

"Ƙara, kamar harbin bindiga. Tayar gaba ta hagu ce ta fashe da ta daki bakin dakalin."

"Ji ka yi ko gani ka yi?"

"Duka biyu. Da aka zaro ni a gefenta aka kwantar da ni. Ta tsage tun daga sama har ƙasa, wayoyin cikinta duk a waje. Har na ce a raina, sabuwar taya ta tafi. Ban san mutumin ya mutu ba a lokacin."

"Ka faɗa wa wani wannan?"

"Ba wanda ya tambaye ni."

Sufeto ya rubuta layi ɗaya a ɗan littafinsa ya miƙe. Auta ya kira ni a hankali.

"Inna, ki koma gida. Kada su wulaƙanta ki."

"Su waye? Kwanta ka ji da ƙafarka."

Garejin babba ne, da katanga da ƙofar ƙarfe. Ƙasa baƙa ƙirin da baƙin mai. Mai garejin ya taso yana goge hannu da tsumma, haƙoransa duk a waje.

"Ranka ya daɗe, sannu da zuwa. Sannu, Hajiya. A kawo ruwa?"

"A kawo mota," in ji Sufeto.

Tana can ƙarshen fili an rufe ta da tamfol. Aka yaye. Gaban motar ya shige ciki, gilashi ya tarwatse. Amma idona na kan ƙafafunta. Tayoyi huɗu sumul kamar tafin hannu, ba zane ko ɗaya.

"Waɗannan ba namu ba ne," na ce.

"Haba, Hajiya," in ji mai gareji. "Yadda janwe ta ajiye ta haka take. Ko ƙuda bai sauka a kanta ba."

"Kai ne ƙudan."

Sufeto ya ɗaga min hannu. Ya buɗe aljihun gaban mota. Takardun inshora na nan, lasin na nan, rasit babu. Ya rufe aljihun. Ya zagaya gefen hagu ya tsuguna.

"Mai gareji, zo ka gani. Wilin nan ya lanƙwashe ko?"

"Sosai, ranka ya daɗe. Dukan ba kaɗan ba ne."

"Dukan da ya lanƙwashe ƙarfe, amma ya bar roba lafiya lau? Nuna min inda tayar nan ta tsage."

Mai gareji ya shafa tayar, ya leƙa, ya sake shafawa. Ba tsaga, ba ƙwarzane. Iska ce dai babu a ciki, don wilin ba zai riƙe ba.

"Wani lokaci haka Allah ke ikonsa," ya ce.

"Haka ne. Notunan nan ma ikon Allah ne ya goge musu laka?"

Daga nan Sufeto ya yi abin da duk masu takardun nan ba su yi ba. Ya cire hularsa ya miƙa wa Saje, ya karɓi tocila, ya kwanta rigingine a cikin baƙin man nan da kakinsa mai guga, ya shige ƙarƙashin motar. Ƙafafunsa kawai muke gani.

Ya daɗe. Sai muka ji muryarsa daga ƙasa.

"Saje, rubuta."

Ya karanto wata lambar mota. Ya ja jiki gaba, ya sake karanto ta. Sau huɗu, lamba ɗaya.

Ya fito bayansa sharkaf da mai. Ya ce a gefen kowace taya, ɓangaren da ke kallon cikin mota, an rubuta lamba da farin alli. Kuma ba lambar motar Auta ba ce.

"Lambar wa ce?" ya tambayi mai gareji.

"Wallahi ban sani ba."

"Wa ke muku aikin taya?"

"Ba mu da takamaiman mutum. Duk wanda aka samu."

Wani bakanike da ke kwance injin a gefe ya ɗaga kai, ya dubi bayan katanga, ya mai da kansa da sauri. Sufeto ya gani. Ni ma na gani.

A bayan katangar akwai wata rumfar kwano ta mai facin taya, da injin iska, da tulin tsofaffin tayoyi. Mai facin dattijo ne, zai yi sa'ana, hannuwansa kamar itace. Mun tarar yana wa wata mata aiki.

Sufeto bai yi masa magana ba. Ya zauna a benci, ya ce ni ma in zauna. Muka zuba ido.

Dattijon ya ɗaga motar da jak, ya kwance taya, ya mirgino ta. Kafin ya taɓa komai, hannunsa ya tafi bayan kunnensa ya zaro guntun alli. Ya waiga ya dubi lambar motar matar, ya rubuta a gefen tayar, ya mai da allin. Bai ma san ya yi ba, yana ta hira da matar a kan tsadar man fetur.

"Baba, sannu da aiki," in ji Sufeto. "Me ya sa kake rubutun nan?"

"Ɗana, shekara talatin ina yi. Da can wani ya taɓa cewa na musanya masa taya, har da mari. Tun daga ranar duk tayar da ta fita daga ƙafar mota sai na sa mata lambar uwarta."

"Duk taya?"

"Ko ta ubana ce."

Sufeto ya karɓi littafin Saje ya nuna wa mai facin lambar. Dattijon ya duba. Hannunsa ya sake tafiya bayan kunne, ya tsaya a can.

"Motoci da yawa ke zuwa nan. Ba zan tuna ba."

"Ranar Laraba ta makon jiya. Taya huɗu a tashi ɗaya."

"Ban fito ba ranar. Ciwon baya."

Ni ba na jin abin da suke cewa sosai, don ƙafata ta taɓa wani abu a ƙarƙashin bencin. Na sunkuya na jawo. Taya ce, a tsage tun daga sama har ƙasa, wayoyi a waje. Zanenta da zurfi kamar yau aka fito da ita daga shago. An yanki wani ɗan yanki a gefenta da wuƙa.

Na mirgina ta har gaban ƙafarsa.

"Wannan ma ciwon baya ne ya kawo ta?"

Sufeto ya juya ta. A gefenta, da farin alli, lambar motar Auta ce. Saje ya karanta da ƙarfi.

Dattijon ya zauna a ƙasa.

"An ce in ƙone ta," ya ce. "Na kasa. Roba mai kyau haka, ina yankar faci a jikinta."

"Wa ya ce ka ƙone?"

"Mai gareji. Shi ya kawo min ƙafafun tasin huɗu a baro. Sai ga wata farar mota, irin tasin ce sak, ta zo ta tsaya nan. Aka ce in cire nata in sa wa tasin, in sa mata sababbin. Uku ne masu rai, sai na cika mata da safayarta."

"Me ya sa aka sauya har da fasasshiyar?"

"Mai gareji ya ce in aka bar ta za a ga sabuwa ce."

"Mai farar motar fa?"

"Bai fito ba. Yana ciki yana waya, gilashi a rufe. Kwat dai na gani." Ya ɗago ya dube ni. "Hajiya, an ce min motar ta mutu, za a sayar wa masu gwangwan. Ban san da wani a ɗaure ba."

"Yanzu ka sani. Kai da furfurarka."

Aka koma gareji da tayar. Mai gareji ya daina murmushi. Ya amsa cewa shi ya kai ƙafafun, ya amsa cewa shi ya yaga rasit. Amma mai farar motar, ya rantse ba zai faɗa ba.

"Ranka ya daɗe, ka rufe ni kawai. In na buɗe baki garejin nan ya mutu."

"Wa ke da ikon kashe maka gareji?"

Ya kau da kai. Sufeto ya gyaɗa kai kamar an ba shi amsa. Aka tafi da shi da dattijon.

A hanya Saje ya ce ofishin rajistar motoci sai sun yi kwana uku kafin su faɗi mai lambar. Na ce kwana uku ɗana na ɗaure? Sufeto ya ce in kwana da shiri, gobe da safe za mu je a yi wa mai kiyasi 'yan tambayoyi a kan rahotonsa.

Kamfaninku bene ne mai gilashi, Manaja, da tukwanen fure a ƙofa. Maigadinku ya bar 'yan sanda suka shiga, ni kuma ya sa min hannu a gaba. Wai sai mai alƙawarin ganawa. Lokacin da muke kawo kuɗi ba a tambaye mu alƙawari ba.

Sufeto zai yi magana na ce ya bari, ya je ya yi aikinsa. Na koma inuwar rumfar da ma'aikata ke ajiye motoci.

Ban iya zama haka kawai ba. Na bi motocin ɗaya bayan ɗaya ina duba ƙafafunsu, maigadi na bina yana "Iya, lafiya?" Ta bakwai fara ce, irin ta Auta. Tayar gaba sabuwa. Ta baya sabuwa. Na zagaya, sabuwa. Ta huɗun daban take, siririya, zanenta ba irin na sauran ba.

Na zauna a kan gaban motar. Na ce wa maigadi ya je ya kira min Sufeto, in kuwa ba haka ba a nan zan kwana.

Saje ya sauko yana haki. Ya dubi lambar, ya dubi littafinsa, ya dube ni.

"Iya, na mai da aurenmu."

Wannan karon ba wanda ya tare ni. Muka hau sama. Ofis mai sanyi kamar cikin firji. Kana zaune a bayan babban tebur, Manaja, kana wasa da makullai. Mai kiyasi na gefe, matashi mai kwat da ƙamshin turare, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Saje ya raɗa wa Sufeto magana a kunne. Fuskar Sufeto ba ta sauya ba.

"Malam, mu ci gaba. Ka ce ranar Laraba ka duba motar. Da ƙarfe nawa?"

"Wajen sha ɗaya."

"Ka tarar da tayoyin a suɗe?"

"Kamar yadda na rubuta. Akwai hotuna."

"Ka leƙa ƙarƙashinta?"

"Ba a buƙata. Daga tsaye ma ana gani."

"Da wace mota ka je?"

"Da tawa."

"Fara?"

"Eh."

"Na ji an ce ka yi sababbin taya. Allah ya sa alheri. Yaushe?"

"Wata guda ke nan. Ko fiye."

"A ina?"

"Wani shago a hanya. Ban riƙe sunan ba."

"Guda nawa?"

"Huɗu mana."

"Uku ne," na ce.

Ka ɗago ka ce, "Wace ce wannan?" Na ce uwar wanda ka ɗaure ce. Ka ce a fitar da ni. Sufeto ya ce shaida ce, tana nan.

"Malam, wa ke sayen taya uku ya cika da safaya?"

"Kuɗin ne bai kai ba."

"Ɗazu ka ce huɗu. To tsofaffin da ka cire suna ina?"

"Na bar wa mai faci."

"Gaskiya ne wannan. Ka bar masa, shi kuma ya rubuta musu lambar motarka da alli, ya ɗaura wa tasin. Suna can, ni na karanta da idona. In muka sauka yanzu na kwanta a ƙarƙashin taka motar, lambar wa kake jin zan gani a bayan ukun nan?"

Ya sauke ƙafarsa. Ya dube ka, kai kuma ka dubi makullanka.

"Mai gareji da mai faci suna wurinmu tun jiya," in ji Sufeto. "Ko mu sauka?"

Aka sauka. Ma'aikata suka fito baranda suna leƙe. Sufeto ya cire hula zai kwanta, sai mai kiyasi ya ce, "Bari, ranka ya daɗe. Ba sai ka ɓata kayanka ba."

Sufeto ya kwanta duk da haka. Ya karanto lambar Auta sau uku.

Mai kiyasi ya jingina da motar. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga.

"Motar ta riga ta mutu," ya ce. "Taya ba za su amfane ta da komai ba. Na ga sababbi ne, nawa kuma sun ƙare. Mai gareji ya ce kowa na yi."

"Ka ɗauki taya, sata ce, mun ji. Me ya sa ka rubuta cewa su suka jawo hatsarin?"

"Dole rahoto ya dace da abin da ke jikin mota."

"Za ka iya rubuta sun suɗe ka yi shiru. Ka ƙara da cewa su ne sanadi."

Ya sunkuyar da kai. "Duk fayil ɗin da aka rufe ba a biya ba, ana rubuta wa mutum a matsayin ƙoƙari. A ƙarshen shekara da shi ake duba ƙarin girma. Ni ban san za a aika wa 'yan sanda ba."

"Da ka ji an aika fa? Kwana nawa yau?"

Ya goge zufa da hannun kwat.

Na matsa kusa da shi har ina jin turarensa. Na ce ya dube ni. Ya kasa. Na ce, "Kana hawa motar nan kullum ka zo aiki, ka koma gida wurin matarka, a kan tayoyin ɗana, shi yana can ko juyi ba ya iya yi. Barci na ɗaukarka?"

Saje ya sa masa ankwa. Ya roƙi a bar shi ya rufe hannun da kwat. Saje ya ce ba a yi wa direban wannan alfarmar ba. Aka wuce da shi ta gaban tukwanen furen, maigadi da kansa ya buɗe ƙofa.

Da yamma Sufeto ya zo asibiti da ɗan makulli ya kwance Auta da hannunsa. Ya ce an janye tuhumar, yanzu direban tifa suke nema. Auta ya riƙa murza wuyan hannunsa, hawaye na zubo masa. Sufeton nan, Allah ya yi masa albarka. Kaki biyu ya ɓata saboda mu.

Saura kai, Manaja.

Sau huɗu ina zuwa ofishinka tun ranar. Sau huɗu ana ce min kana taro, fayil na kan nazari, in dawo mako mai zuwa. Ka aiko wata yarinya mai takalmi mai tsini ta ce min laifin ma'aikaci ɗaya ne, kamfani ba ruwansa. To wa ya sa hannu a takardar? Wa ya aika wa 'yan sanda kwafi tun ba su nema ba? Wa ya tsara cewa wanda ya fi hana mutane haƙƙinsu shi ke samun girma? Yaron nan ɓarawo ne, na yarda, kuma yana inda ya dace da shi. Amma a gidanka ya koyi cewa hanawa ita ce ƙoƙari.

Matar mamacin har yau abin da takardarka ta ce shi kaɗai ta sani. Na je yi mata gaisuwa, yayanta ya tare ni a ƙofa ya ce uwar mai suɗaɗɗun taya ba za ta shiga ba. Haƙƙinta da na marayunta ma yana cikin fayil ɗin da kake zaune a kai.

Ba roƙo na zo yi ba. Ka biya motar, ka biya matar nan abin da doka ta ce. Ka rubuta wata takardar da hannun da ka rubuta ta farko, ka ce ƙarya kuka yi wa ɗana, ka aika duk inda ka aika waccan. Sannan ka sauko daga benen nan ka tsaya a gaban Sufeto ka amsa tambaya kamar kowa.

Gobe ƙarfe takwas ina ƙofarka, da matar Auta, da yayan matar mamacin, don na je na same shi ya ce zai zo ya ji da kunnensa. Ka fito ka gaya mana wa ya ba ka ikon sa hannu a kan abin da ba ka gani ba.